Wai Zongo ta ci amanar Bawumia ne, ko aljihu ne ya yi magana?

Sadiq_Aboabo
Salamu alaikum jama'ar gida. Tun ranar Litinin da shugabar hukumar zaɓen Ghana Jean Mensa ta karanta sakamakon zaɓen shugaban ƙasa na Disamban nan na 2024 abu ɗaya ke cina a rai, na ce bari in kawo shi nan kowa ya faɗi nasa. Mahama na NDC mai alamar lema kashi 56.55, Bawumia na NPP mai alamar giwa kashi 41.61. To ni tambayata, tun da aka dawo mulkin farar hula a 1992 ba a taɓa samun ɗaya daga manyan fati biyun nan ta tsayar da Musulmi takarar shugaban ƙasa ba sai wannan karon da giwa ta tsayar da Bawumia, kuma mu 'yan Zongo da kullum muke kukan an mayar da mu saniyar ware, mu muka fi kowa rawa da ya faɗi. Ranar Lahadi tun safe Aboabo da Sawaba ba ka jin komai sai hon na babura da pragya (keke mai ƙafa uku), yara sun shafe jiki da hoda fari fat. Ni Dr Bawumia na zaɓa, ban ɓoye ba. Anya ba mu yi wa kanmu ba kuwa? Yaushe za mu sake ganin irin wannan dama? Don Allah a yi magana da hankali, ban da zagi.

HajiyaRabi_Asawase
Wa alaikumus salam Sadiq ɗana. Ni dai waakye nake sayarwa, ba na karanta jarida. Mutumin da da yake zuwa ya ce a sa masa nama da ƙwai da taliya da wele, bana sai ya tsaya yana ƙirga canji ya ce Hajiya zuba min hakanan da shito kawai. Magidanci fa, mai 'ya'ya. Shinkafa ta tashi, wake ya tashi, mai ya tashi, gawayin ma da muke rainawa ya zama abin lissafi, ka tura wa mai kawo maka kaya kuɗi ta momo, wato ta waya, gwamnati ta yanki nata a hanya. Ni ban ƙi Bawumia don komai ba, mutum ne mai kunya da ladabi Allah ya sani. Amma da na karɓi takarda na shiga lungu ba sallarsa na tuna ba, bashin da ke kaina na tuna. Na dangwala lamba 8, ta Mahama, na fito abina.

Abu_Magazine
Hajiya Allah ya ƙara girma, amma tsadar nan ai duniya ce gaba ɗaya. Korona ta zo, yaƙin Rasha da Yukren ya biyo baya, ku tambayi 'yan uwanmu na Najeriya me suke ciki. Kuma 'ya'yan wa suka ci Free SHS, karatun sakandare kyauta, tun 2017? Ba namu ba? Ƙannena biyu sun gama sakandare tsohonmu bai biya ko pesewa ba, in a da ne sai dai su biyo ni Magazine, unguwar makanikai, su riƙe sifana. Wa ya taɓa buɗe wa Zongo asusunta na kanta har da doka in ba gwamnatin nan ba? Mutane akwai saurin mantuwa wlh.

Rashida_Sawaba
Asusun Zongo 😂 Yaya Abu ka zo Sawaba in ruwan sama ya sauka ka nuna min inda asusun ya shiga. Filin ƙwallo na roba za mu ci? Ita ma'aikatar Zongon ma ai su da kansu suka rushe ta a 2021 bayan sun ci zaɓe na biyu.

Injiniya_Tafo
Sadiq tambayarka mai kyau ce amma ina ga ka kai ƙara inda ba nan laifin yake ba. Ku ajiye zuciya ku dubi lissafi. A 2020 Nana Akufo-Addo na giwa ya samu miliyan 6.7, Mahama miliyan 6.2. Bana abin da aka karanta ranar Litinin, Mahama 6,328,397, Bawumia 4,657,304, da sauran mazaɓu 9 da ba su shigo ba a lokacin. Kun gani? Mahama kusan inda yake nan yake, abin da ya ƙaru masa ba yawa. Giwa ce ta zubar da ƙuri'a kusan miliyan 2. Ina suka tafi? Yawancinsu ba lema suka koma ba, gida suka zauna. Fitowar masu zaɓe ta faɗo daga kusan kashi 79 zuwa 60.9.

Zongo kuwa dama can lema take yi, ba sabon abu ba ne. Asawase tun 2005 Muntaka na lema ne ɗan majalisa, Nima da Maamobi ma kowa ya san launinsu. Ba mu muka canza ba. Ni ranar Asabar ɗin zaɓe aiki ya kai ni ta Bantama da Kwadaso da rana tsaka, rumfunan da a da za ka ga layi har bakin titi, ma'aikatan zaɓe na zaune suna danna waya. In akwai wanda ya bar Dr a rana to 'yan gidansu ne.

Sadiq_Aboabo
Injiniya ai ka kawo ni inda nake so. Me ya sa suka zauna gida? Ba don Musulmi ba ne kuma ɗan arewa? Su sun ƙi shi don addini, mu kuma mun ƙi shi don fati, ya faɗi tsakiya.

Baaba_AkwatiaLine
Wannan gaskiya ne ba ƙarya. Ni da kunnena na ji a motar haya ta trotro daga Kejetia, wata mata tana cewa ita ba za ta tashi da sassafe ta yi layi don kramo, wato Musulmi, ba. Ta ɗauka ba na jin Twi. Akwai shi, kada mu rufe ido.

Nafisa_Tech
Baaba akwai masu irin wannan tunanin, ba wanda zai musa, amma ba su kai miliyan 2 ba. To ɗan majalisar giwa K.T. Hammond fa da ya faɗi a Adansi Asokwa, nan cikin Ashanti?  Ursula a Ablekuma West, Henry Quartey a Ayawaso Central, duk ruwa ya ci su. In da addinin Dr ne matsalar ai da mutane sun fito sun zaɓi ɗan majalisarsu sun tsallake shi. Fatin gaba ɗaya aka yi wa bulala. Kuma maganar arewa ba ta ma taso ba tunda Mahama ɗan Bole ne, Dr ɗan Walewale, duk wanda ya ci arewa ce ta ci. Sannan ku tuna wakilan giwa, waɗanda mafi yawansu Kirista ne, su suka ba shi kashi 61 a kan Kennedy Agyapong a Nuwamba 2023. Ƙidayar 2021 ta ce Musulmi kashi 19.9 ne a ƙasar nan, Kirista sun haura 71. Duk ranar da muka ce a yi zaɓe da addini mu za mu fara kuka, don ba mu da yawan da za mu ci.

Baaba_AkwatiaLine
'Yata kin iya lissafi, amma zuciyar mutane ba a ƙidaya take ba.

MalamIdi_Alabar
Assalamu alaikum. Ina so in ja hankali a kan kalmar cin amana da wasu ke ta yaɗawa a WhatsApp, har na ji wani sautin murya ana cewa duk wanda bai zaɓi Musulmi ba ya saɓa wa Allah. Jama'a mu ji tsoron Allah da irin wannan fatawa. Ƙuri'a shaida ce, an tambaye ka wa kake ganin zai fi riƙe amanar jama'a, ka faɗi abin da ka sani. Magabata sun ce mulki yana zama da kafirci amma ba ya zama da zalunci. Wanda ya zaɓi Dr don yana ganin alheri a tare da shi bai yi laifi ba, wanda ya zaɓi Mahama don wahala ta ishe shi shi ma bai yi laifi ba. A masallacinmu sahu ɗaya ya ɗauki 'yan giwa da 'yan lema, kuma jiya da asuba har yanzu akwai mutum biyu da ba sa gaisawa. Wannan ya fi damuna a kan wanda ya ci.

KawuDanladi
Ku yara ba ku san dalilin da ya sa iyayenku ba sa son giwa ba. Ina yaro a 1969 firaminista Busia ya ba da doka duk baƙon da ba shi da takarda ya bar ƙasa cikin sati biyu. Wace takarda? Mutumin da aka haifi ubansa a Kumashi, wa ya taɓa ba shi takarda? Na ga an cika manyan motoci da mutane da tabarmi da tukwane, masu goro da mahauta sun sayar da gidaje a kuɗin banza, wasu ma haka suka bar su a buɗe. Maƙwabcinmu ya tafi Sakkwato garin da bai taɓa gani ba, ba mu sake jin labarinsa ba. Daga Ankara (Accra) har Kumashi babu Zongon da ba a yi kuka ba. Su waɗannan jikokin Busia ne, da bakinsu suke faɗa. Ko sun sa wa giwa rawani giwa ce. Aliu Mahama Allah ya jiƙansa ya yi musu mataimaki shekara 8, da ya nemi tikiti a 2007 sun ba shi?

Injiniya_Tafo
Kawu Allah ya ƙara lafiya, abin da ka faɗa ya faru. Amma tarihin bai fara daga 1969 ba. Kafin nan manyan Zongon Kumasi da yawa suna tare da su Busia ne, ta hanyar Muslim Association Party da ta haɗa kai da fatin adawa ta NLM. Nkrumah ne a 1957 ya kori Alhaji Amadu Baba da Alhaji Othman Larden zuwa Najeriya, har majalisa ta yi doka ta musamman da sunayensu don kotu kada ta hana. Wato kowane ɓangare ya taɓa ce mana baƙi in ya ga dama. Shi ya sa ni ba na yarda da zancen fatin gado.

KawuDanladi
Kai a littafi ka karanta, ni da idona na gani. Mutum biyu da dubban mutane ba ɗaya ba ne.

Rashida_Sawaba
Ba sai an je 1969 ba ma Kawu. 2018 fa? Samarinmu bakwai 'yan sanda suka harbe a wajen Manso Nkwanta aka ce 'yan fashi ne, Asawase ta kama da wuta, daga baya kwamitin da gwamnati ta kafa ya ce babu shaidar fashi suka je. Lokacin wa ke mataimakin shugaban ƙasa? Ejura a 2021 fa da sojoji suka buɗe wuta? Shekara 8 muna da Musulmi a Jubilee House, fadar shugaban ƙasa, amma har yau ka je yin katin ƙasa ko fasfo da suna irin namu sai an tambaye ka garin kakanka. Ni kaina a wani ofishi sai da aka ce in kawo wanda zai shaide ni, alhali wadda ke gabana ko kallon takardarta ba a yi ba. To wace dama ce Yaya Sadiq yake cewa mun rasa?

Abu_Magazine
Rashida ki yi adalci. Gwamnatin ce ta kafa kwamitin, ita ta biya iyalan diyya. Kuma mataimaki ba shi ke ba 'yan sanda oda ba.

DanPragya_001
Ai shi ma Dr haka ya ce, wai shi yaron mota ne ba direba ba 🤣 To mu da muke kan titi mun sani, in mota ta faɗa rami da fasinja direba da yaron mota tare ake kai su caji ofis. Kuma wa ke karɓar kuɗin mota in ba yaron mota ba? Shi ne fa shugaban tawagar tattalin arziki. Lokacin da yake adawa shi ke yi mana lakca a kan dala, ya ce in tushen tattalin arziki ba ƙarfi farashin canji zai tona maka asiri. Sun karɓa dala tana sidi 4 da 'yan kai, kafin zaɓe ta haura 16. Asirin wa ya tonu? Ni dai Mahama ya ce zai halatta okada, shi nake jira, mun gaji da wasan ɓuya da 'yan sanda.

Abu_Magazine
Za ka jira. Ku da kuke rawa kun manta dumsor, ɗauke wutar lokacin Mahama, ko? 2015 muna Magazine sai mu wuni mu kwana ba wuta, mai walda ya zauna yana kallon ƙarfe, masu firiza sun zubar da kifi, teloli ana gobe sallah suna kuka. Mutumin da aka kora da ƙuri'a kusan miliyan ɗaya a 2016 shi ne yau ya zama mai ceto. Allah ya kai mu watan Maris zafi ya shigo mu gani.

Alhaji_MaiRitaya
Ni tun 1992 giwa nake yi, ko lokacin Rawlings ban ɓoye ba, a unguwa har suna aka sa min. Bana ban fita ba. Ina cikin miliyan 2 ɗin da Injiniya ke magana. Ba zan iya dangwala wa lema ba, hannuna ba zai yi ba, amma kuma ba zan je in ce wa waɗannan na gode ba. Shugaban ƙasa ya fito a talabijin a 2022 ya ce ba za a yi wa kuɗin kowa aski ba, ba a jima ba aka taɓa kuɗin da mutane suka ba gwamnati rance, tsofaffi suka riƙa zaman dirshan a ƙofar ma'aikatar kuɗi a Accra, har tsohuwar alkalin alkalai Sophia Akuffo ta ɗauko kujera ta zauna tare da su. Hauhawar farashi ta kai kashi 54 a Disamba 2022. 'Yan majalisarmu na giwa da kansu suka ce a cire ministan kuɗi Ken Ofori-Atta, aka yi kunnen uwar shegu da su sai Fabrairun bana. Sun ce ba za su je IMF ba, suka je suka karɓo dala biliyan 3. Ga ramin babban cocin ƙasa da aka zuba wa dala miliyan 58. Ana cikin wannan sai ga shi Nana ya je Sekondi ya buɗe gunkin kansa ana saura wata ɗaya zaɓe. Girman kai ne ya kayar da mu ba Zongo ba. Dr ya ɗauki kayan da ba shi kaɗai ya ɗaura ba, amma kuma bai taɓa buɗe baki ya ce kayan sun yi nauyi ba sai da kamfen ya zo.

Nafisa_Tech
Alhaji ka gama magana. A ƙara da NAPO, abokin takarar Dr, da ya tsaya a nan Kumasi ranar da aka gabatar da shi ya ce ko Nkrumah bai yi aikin Nana ba. Ranar na san akwai matsala.

Zuwera_Bronx
Mu nan ba mu yi barci ba daren Asabar, kowa na kan Facebook. Ni dai farin cikina a sauke farashin siminti in ƙarasa ginin Mma.

DanPragya_001
Anti Zuwera ke da faɗuwar sidi ta yi wa daɗi 😂 ki turo dala 100 a ba Mma jaka guda.

Zuwera_Bronx
Ƙanena jakar da ba ta kai sati. Da in na turo sau ɗaya a wata shikenan, yanzu kafin 15 ga wata waya ta fara ƙara. Ba wanda ya ci riba.

Bashir_DanKano
Ni baƙo ne a cikinku, kasuwanci ya kawo ni Alabar, amma ku bar ni in ce wani abu. Ku gode wa Allah. Mutum yana kan kujerar mataimaki, fatinsa ke da sojoji da 'yan sanda, amma safiyar Lahadi tun hukumar zaɓe ba ta ce komai ba ya fito ya ce ya kira Mahama ya taya shi murna. Mu a wajenmu tun Jonathan a 2015 ba mu sake gani ba, kowane zaɓe sai kotun ƙoli. Kuma maganar Musulmi, mu ai Muslim Muslim muka yi a 2023, shugaba da mataimaki, malamai suka yi ta wa'azi a kai. Ku je Kano ku tambayi kuɗin litar mai da mudun shinkafa yanzu. Ba zan ƙara komai ba.

Sadiq_Aboabo
Malam Bashir na gode. Abin da ya yi ranar Lahadi shi ke ƙara min ciwo, irin mutumin da muka bari ke nan. Da ya yi shiru zuwa Litinin da Allah kaɗai ya san abin da zai faru, ga yadda aka ƙona ofishin zaɓe a Damongo, ga wanda aka harbe a Nyankpala.

Injiniya_Tafo
Wannan kam a yaba masa. Amma Malam Bashir mu ma muna zuwa kotu fa, 2012 wata takwas aka yi ana shari'a kuma shi Dr ɗin ne babban mai ba da shaida, 2020 Mahama ma ya je. Bana ratar ce ta yi yawa, ba abin da za a kai wa alkali.

Ummi_Yalwa
Ni abin da ke damuna daban ne. Tun shekaranjiya wasu samari suka zo suka kori mai kula da bayan gidan unguwa suka sa nasu kwado wai gwamnatinsu ce ta hau. Ba a ma rantsar da kowa ba! Haka aka yi a 2017 da giwa ta ci, haka ake yi yanzu, tasha da bayan gida da wajen karɓar tikitin kasuwa. Kuma in ka duba 'ya'yanmu ne ake turawa, ɗan babban mutum yana can yana jiran a ba shi shugabancin hukuma, namu na faɗa a kan bayan gida. Ƙanwata kuma da ta samu aikin gwamnati watannin nan ko barci ba ta yi, ana ta cewa za a kori waɗanda aka ɗauka a ƙarshe.

Jamilu_Lema4Life
Su ma haka suka yi mana, shekara 8 muna kallo. Yanzu lokacinmu ne, wanda bai ji daɗi ba ya sha ruwa. Sun ce za su karya takwas, wato su wuce shekara 8 a mulki, takwas ta karya su 😂😂

Admin_ZongoGida
Jamilu a sassauta. Shi Mahaman da kake wa murna ya fito ya ce a daina fasa ofisoshi da rumbunan gwamnati. Na goge saƙo biyu da aka zagi iyaye, na uku zan cire mutum ko waye shi.

MalamIdi_Alabar
Ummi ta taɓo inda ke ciwo. Duk zaɓe in ana neman masu ƙarfi a tsare akwati Zongo ake zuwa, in ana rabon muƙami sai a tuna ba mu da digiri. Wannan ba giwa ba lema.

HajiyaRabi_Asawase
To ni yanzu a faɗa min, da gaske zai rage kuɗin Makka? Bana sidi 75,000 aka biya, miliyan 750 fa a tsohon kuɗi. Ina tara na Baabansu tun kafin korona, kullum in na kusa sai kuɗin ya gudu.

Nafisa_Tech
Ya yi alkawari Hajiya, da ƙarin hutun kwana ɗaya a ƙaramar sallah. Ya kuma ce cikin kwana 120 na farko zai cire E-levy, harajin momo, da harajin caca, ministoci ba za su wuce 60 ba, Nana kuwa da 110 ya fara. 'Yan shekarar farko a jami'a ba za su biya kuɗin karatu ba, kuma ya ce ba zai taɓa Free SHS ba. Matsalar ita ce muna cikin shirin IMF, duk harajin da ka cire sai ka nuna inda za ka cike ramin. Kuma kuɗin Makka da dala ake lissafa shi, in sidi bai tsaya ba ko an rage bana baɗi zai koma. Ni abin da ban gane ba har yau shi ne tattalin arzikin awa 24 ɗin nan, kowa ka tambaya bayaninsa daban.

Abu_Magazine
Hajiya Rabi ai tun tuni take awa 24, ƙarfe uku na dare take hura wuta 😅

Alhaji_MaiRitaya
Abin da ya kamata ku ji tsoro shi ne majalisa. Wadda ta wuce 137 da 137 ce da ɗan indifenda ɗaya, shi ya sa har dambe aka yi a kan E-levy. Yanzu ana maganar lema ta haura kujera 180 cikin 276, wasu ma kamar Ablekuma North har yau ana rigima. Mutumin da ba zai sake tsayawa zaɓe ba, ga majalisa a aljihunsa, wa zai ce masa a'a? Kada ku yi mamaki in kun ji an fara zancen tazarce.

Injiniya_Tafo
Alhaji wannan ba ya yiwuwa da majalisa kaɗai. Wa'adin shugaban ƙasa yana cikin sassan tsarin mulki da sai an yi ƙuri'ar raba gardama, kashi 40 na masu rajista su fito, kashi 75 na waɗanda suka fito su ce e. A ƙasar nan ko a kan ranar ganin wata ba za ka samu kashi 75 ba. Ni tsorona ba tazarce ba ne, tsorona tun shekara ta biyu ministocinsa su bar aiki su fara kamfen ɗin wanda zai gaje shi. Da galamsey, haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, don masu injinan haƙa suna kowace fati, ku je ku ga launin kogin Offin da Pra.

Rashida_Sawaba
Ni dai a ba Muntaka minista mai nauyi mu ga ko za a gyara mana magudanar Aboabo. In an ba shi bai yi ba shi ma 2028 muna nan.

Jamilu_Lema4Life
Za a ba shi in sha Allah, shi da Haruna Iddrisu.

Baaba_AkwatiaLine
Shekara 19 yana majalisa, magudanar tana nan yadda take. Ku dai ku ce kuna son lema kawai.

Sadiq_Aboabo
Na karanta duka. Na ji maganar aljihu, na ji ta Alhaji, amma har yanzu ba wanda ya amsa min ɗaya. Gobe in 'yan giwa suka zauna za su ce mun gwada Musulmi, Zongo ba ta ba shi ba, arewa ma yawanci ba ta ba shi ba, to me ya sa za mu sake? Ita kuma lema tunda ta san muna aljihunta ko ta tsayar da wa, me zai sa ta taɓa ba Musulmi tikiti? Ta ma taɓa ba mu mataimaki tun 1992?

Nafisa_Tech
Sun sa Alhaji Muhammad Mumuni mataimakin Mills a 2004, ba su ci ba ne. Amma tambayarka ta biyu tana da nauyi, ban da amsarta. Game da Dr kuwa kada ka yi saurin yi masa sallar gawa, Mills sai a karo na uku ya ci, Nana ma haka.

Abu_Magazine
In Kennedy ya bar shi. Ku saurari rediyon Twi da safe ku ji yadda aka fara.

KawuDanladi
Ba za su sake ba shi ba. Ku rubuta ku ajiye.

DanPragya_001
Kawu an ajiye. Jamilu kai kuma da ka ce lokacinku ne, daga 7 ga Janairu zan fara ƙirga kwana 120 ɗin nan, in na tura momo aka cire min ko pesewa ɗaya gidanku zan zo karɓa.

Jamilu_Lema4Life
Ka zo, amma ka taho da kuɗin pragyan da na biyo ka tun azumi.